A sa gargaɗi a kwalbar ashwagandha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan ashwagandha, saiwar nan ta Indiya da ake tallatawa a matsayin maganin damuwa. Gaskiya ne wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana sauƙaƙa damuwa, sai dai galibinsu ba su wuce wata uku ba. An kuma samu waɗanda ta taɓa wa hanta, ƙasar Denmak kuwa ta hana sayar da ita a 2023, bisa fargabar illarta ga sinadaran hormone na jiki da kuma yiwuwar jawo ɓarin ciki.

Da idona na ga mai kemis ya miƙa wa mai juna biyu kwalba guda, ko tambaya babu. Ina roƙon NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta wajabta rubuta gargaɗi da Hausa a jikin kwalbar, musamman domin masu ciki da masu ciwon hanta.

Naku,
Wani mai karatu, Kano