Wasiƙar godiya ga shagon da ke kawo wa ɗakunan karatunmu sababbin littattafai

Assalamu alaikum Alhaji, tare da dukan yaran shago.

Mu masu kula da ɗakunan karatu ne a wasu makarantun firamare da sakandare da ke Zariya. Mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a kan yadda kuke tantance kowane sabon littafi kafin ya baro shagonku, na ƙagaggen labari ne ko na ilimi, na yara ko na manya.

Littafin da zai ratsa hannun ɗalibai da yawa, ɗinkinsa ake fara dubawa, kuma mun lura ku ma da nan kuke farawa. Wanda aka haɗa da gam kaɗai, idan ya sha zafin bazara gam ɗin kan bushe ya tsage, shafukan tsakiya su fara zubewa. Yaranku sukan buɗe littafi a tsakiya su nemi zare, idan babu su faɗa mana gaskiya kafin a yi ciniki. Akwai kuma matsalar da masu saye ba su cika sani ba. Maɗaba'a takan buga shafuka da yawa, galibi 16, a kan babbar takarda ɗaya, sannan a ninke a yanke. Idan mai haɗawa ya tsallake ninki ɗaya, shafi 16 ne suka tafi gaba ɗaya, sai ka ga labari ya tashi daga shafi na 32 ya dira a na 49. Bango ba ya nuna wannan, sai an bi lambobin shafi. Kuna bi kwafi bayan kwafi, kuma wanda ya kuɓuce muku kuna musanya shi ba tare da jayayya ba.

Haka batun takarda. Fara mai nauyin giram 70 ko 80 takan jure, ita kuwa irin ta jarida tawada kan ratsa ta har ana hango rubutun bayan shafi, kuma ba ta daɗewa take komawa ruwan ɗorawa.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne kulawarku da rubutun Hausa. Littattafai da dama yanzu suna fitowa babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, domin marubucin ne ya buga da kansa ba tare da edita ba. Babba yakan gane daga ma'ana ya wuce. Ɗan aji biyu kuwa abin da ya gani a littafi shi zai rubuta a jarrabawa, malaminsa ya sha wahalar kankare shi. Irin waɗannan ba ku saka su cikin kayan firamare, ko da labarin ya yi daɗi.

Jabun littattafai ma kun kare mu daga gare su. Littafin da aka yi wa rajista a Najeriya yana ɗauke da lambar shaidar littafi, wato ISBN, mai alƙaluma 13 da ke farawa da 978-978, wadda Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Sai dai masu satar fasaha har lambar suke kwafewa, saboda haka ita kaɗai ba shaida ba ce. Abin da ke tona su shi ne hotuna dishi-dishi, gefen shafi a karkace, da farashin da ya yi araha fiye da kima. Ku kuna saro kaya kai tsaye daga masu wallafa, ciki har da kamfanin wallafa littattafai na Arewa (NNPC) na nan Zariya da aka kafa a 1966, kuma kuna ba da rasit.

Jerin kantocinku ya rage mana aiki. Masu manyan haruffa da hoto a kowane shafi suna ƙasa inda ƙananan yara za su kai, sai tatsuniyoyi da labaran kasada na 'yan shekara 8 zuwa 12, sai na adabi da ake jarrabawar WAEC da NECO a kansu, sannan tarihi, noma, kiwo da kiwon lafiya na manya. Littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980, akwai masu tarbiyya akwai waɗanda ba na ɗalibai ba. Kuna karantawa kafin ku ce mana ga wanda ya dace da 'yan sakandare, alhali wani mai shago bango kawai zai duba.

Roƙonmu biyu ne. Littattafan kimiyya da Hausa na 'yan shekara 9 zuwa 12 sun yi ƙaranci, don Allah ku riƙa tuna wa masu wallafa cewa akwai masu nema. Sannan ku riƙa aiko mana da jerin sababbin fitowa da farashinsu mako biyu kafin a dawo daga hutu, don mu samu shigar da su cikin kasafin zango.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa kasuwa albarka.

Naku,
Masu kula da ɗakunan karatu, Zariya