Kafin a ɗora bene bakwai a kwanarmu, a gaya mana inda ruwa zai fito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni dama a jaridarka in yi magana a kan wani fili da ke daf da ƙofar gidana a nan Damagaram.

Kango ne a kan kwana, inda kwalta ta haɗu da hanyar da ke shiga unguwarmu. Fiye da shekara ashirin ina zaune a nan, ban taɓa ganin komai a cikinsa ba sai guntun katanga, da dogonyaro guda, da bola. Mai faci da mai shayi suna raɓe a gindin itacen, 'yan kabu-kabu na shan inuwa, awaki na kiwon leda. Sati biyu da suka wuce wasu mutane suka zo da kayan awo, suka kafa turaku, suka tsayar da allo mai hoton gini na gilashi, hawa bakwai: shaguna a ƙasa, ofisoshi da gidajen haya a sama.

Wallahi da na ga allon na yi murna. Mun gaji da wari da sauro, kuma yaranmu da ke zaman fada za su samu aikin kwaɓa siminti ko na 'yan watanni ne. Ni kaina ina iya samun rabona, don aikin fanfo nake yi, shekarata talatin ina shimfiɗa bututu a gidajen garin nan. Aikin nan nawa shi ne ya hana ni yin shiru.

Damagaram a kan dutse take zaune, kowa ya sani. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza. In bazara ta kama, fanfon gidana ba ya magana sai wajen ƙarfe biyu ko uku na dare. Uwargida takan tara roba a ƙarƙashinsa, ta bar shi a buɗe, ta kwanta kunne ɗaya na jira. In ta ji ɗis-ɗis sai ta tashe yara a jera bido. Daren da bai zo ba, gari na wayewa sai neman ga-ruwa, shi ma sai ka bi kurarsa kana roƙo da kuɗinka.

To a yi lissafi. Kowane hawa kusan mita uku ne, bakwai sun haura mita ashirin. Ƙarfin ruwa da "bar" muke auna shi, kuma bar ɗaya mita goma yake ɗagawa, ke nan ana buƙatar sama da bar biyu kafin ɗigo ya kai hawa na ƙarshe. Mu kuwa a layinmu, cikin watan Afrilu, ruwa ba ya hawa ko kan shawar gidan ƙasa. Abin da mai ginin zai yi a bayyane yake: zai haƙa babban tanki a ƙasa, ya sa inji mai zuƙo ruwa daga bututun da dukanmu muke sha. Injin nan in ya tashi ba ya raba wa kowa. Na san haka domin da hannuna na taɓa ɗaura irinsa a wani gida mai hawa biyu kacal, kuma kafin sati ya zagayo gidaje huɗu da ke bayansa iska kawai fanfonsu ke hurawa. Wata dattijuwa daga cikinsu ta tare ni a hanya ta ce, "Ɗana, kai ne ka shanye mana ruwa?" Har yau maganar ba ta bar ni ba.

Wani zai ce ai sai a yi rijiyar burtsatse. Allah ya sa a dace. Amma na sha ganin motar haƙa ta kwana biyu tana ƙara a cikin garin nan, ta tarar da dutse, ta naɗe kayanta ta tafi.

Akwai kuma ruwan sama. Filin nan, duk da ƙazantarsa, shi ke shanye ruwan da ke gangarowa daga kwalta. In aka rufe shi da kankare ba tare da magudana ba, gindin katangunmu na ƙasa zai nufa. Ba mu manta da watan Satumba na 2024 ba, lokacin da ruwa ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni wanda ya tsaya tun ƙarni na 19.

Sai maganar sutura. Iyalanmu a tsakar gida suke girki, a nan suke kwana lokacin zafi, makewayinmu ba rufi. Wanda ya leƙo ta taga daga hawa na biyar ba abin da zai ɓuya gare shi.

Alhaji mai fili, ba hassada muke yi maka ba, Allah ya ƙara arziki. Filinka ne, kuma gara gini da bola. Roƙona gare ka da hukumar birni shi ne kada a sa hannu a takardar izini sai an zauna da mu a ƙofar mai unguwa, an nuna mana a rubuce lita nawa ginin zai sha a rana da inda za su fito. In lissafin hawa uku ya ɗauka, a tsaya a uku, tagogi su kalli kwalta, a ja magudana har inda ruwa zai fita, a bar wa mai faci da mai shayi ɗan gefe.

Ina da ma'aunin ƙarfin ruwa a cikin jakar aikina. Duk ranar da injiniyan Alhaji ya shirya, ya zo mu ɗaura shi a fanfon gidana tun daga magariba, mu zauna a kan tabarma mu ga ƙarfe nawa allurar za ta motsa.

Na gode.

Wani mai aikin fanfo,
Damagaram