Wasiƙa zuwa ga ɗana: kada tsoron allura ya hana ka ganin likitan haƙori

Assalamu alaikum.

Ɗana, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta shaida mini cewa haƙorin nan har yanzu yana hana ka barci, kuma ka ƙi zuwa a duba shi don an ce maka allurar kashe zafi tana ɗauke da adirenalin, sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri, wai mai ciwon zuciya irinka ba ya jure ta. Hankalina bai kwanta da wannan zaman jiran ba.

Gaskiya ne akwai adirenalin a cikin allurar, kuma da gangan ake sa shi. Maganin da aka fi amfani da shi, lidoken, yana buɗa jijiyoyin jini, don haka in shi kaɗai ne, jini ya kan kwashe shi da wuri, zafi ya dawo likita bai gama aiki ba. Adirenalin yana matse ƙananan jijiyoyin dasashi, sai maganin ya daɗe a wurin, zubar jini ya ragu. Adadinsa kuwa ɗan mitsitsi ne: 'yar kwalbar allura mai mililita 1.8, a haɗin da aka saba, tana da miligiram 0.018 kawai. Mai lafiya ana iya ba shi har miligiram 0.2. Mai ciwon zuciya kuma likitoci kan tsaya a 0.04, wato kamar kwalba biyu, wanda galibi ya ishi haƙori ɗaya.

Abin da masu ba ka tsoro ba su faɗa maka ba shi ne, jikinka da kansa yana samar da adirenalin. Duk lokacin da zafi ya tsananta ko tsoro ya kama ka, halittar da ke saman ƙoda tana zuba shi cikin jini, kuma wanda zafi mai tsanani ke jawowa zai iya wuce na allurar nesa ba kusa ba. Mutumin da ake cire wa haƙori allura ba ta kama shi sosai ba, zuciyarsa ta fi shan wahala. Ga kuma ruɓaɓɓen haƙori da aka bari yana tara ƙwayoyin cuta, wanda shi ma ba alheri ba ne ga mai irin lalurarka.

Ba na ce babu taka-tsantsan ba. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe makonni kaɗan da suka wuce, ko ƙirjinsa ke ciwo ko yana zaune, ko bugawar zuciyarsa ta rikice ba a daidaita ta ba, ko awon jininsa ya kai 180 bisa 110, a kan ɗage masa aikin da ba na gaggawa ba har likitan zuciya ya amince. Kai dai, alhamdu lillahi, an daɗe ana cewa naka ya daidaita, amma likitanka ne zai tabbatar, ba ni ba.

Ka tafi da magungunanka duka a kwalayensu, kada ka dogara da tunawa. Wasu, irin su furofaranolol na hawan jini da amitiriftilin na ciwon damuwa, ba sa jituwa da adirenalin, kuma likita zai rage shi ko ya ɗauko maganin kashe zafin da babu shi kwata-kwata, kamar mefibaken. Na roƙe ka kada ka daina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini da kanka don gudun zubar jini. Daina shan su ya fi allurar haɗari ƙwarai. In an ba ka maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe, ya kasance a aljihunka.

Ka nemi a gan ka da safe, a auna hawan jininka kafin a fara. In bayan allurar ka ji gabanka na faɗuwa ko hannunka na rawa, ka faɗa nan take. Yawanci yana wucewa cikin 'yan mintoci. In ƙirji ne ya ɗaure ko numfashi ya yi wuya, ka ɗaga hannu a tsaya.

Ka kira likitan zuciyarka cikin makon nan, sannan ka sanar da ni ranar da aka ba ka. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.