Rahoton Ayyukan Shekara: Horon Saka Robar EVD

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin karshen shekara.

Babban aikin da kungiya ta sa a gaba bana shi ne koya wa kananan likitocinmu na tiyatar kwakwalwa saka robar EVD, wadda ke fitar da ruwan kwakwalwa in ya taru ya matse ta. Kun san aikin nan yawanci cikin dare yake fadowa, an kawo mai zubar jini a ka, karamin likita ne a bakin gado, to bai kamata a ce ranar ce hannunsa zai fara rike abin huda kashi ba.

Mun yi amfani da kokon kai na roba da aka buga da firintar 3D, aka cika shi da jel, a tsakiya aka sa 'yar jakar ruwa a madadin ramin kwakwalwa da ruwan ke taruwa a ciki. Kowa sai ya auna wurin Kocher da kansa, wato inda ake huda kokon kai, wajen santimita 11 daga saman hanci tsakanin idanu zuwa baya, 3 daga layin tsakiya, galibi ta dama, ya huda, ya saita robar tana kallon kusurwar ido ta ciki da kuma gaban kunne. In ya dace ruwa zai digo.

Inda muka fi bata lokaci shi ne zurfi. Da yawansu in ruwa bai fito ba sai hannu ya ci gaba da turawa, gaskiya wannan ya tayar mana da hankali, don a kan mutum na gaske can kasa akwai wuraren da in an taba ba gyara. Shi ya sa muka yi ta nanatawa, kar a wuce santimita 7 daga kashi, a zaro a sake saiti, in ta ki a kira babba ba kunya.

Ma'aikatan jinya ma sun shigo, an yi bitar daidaita tsayin ma'aunin robar da kunnen majinyaci da rufe famfonta kafin a motsa majinyacin.

Jel dai ba ya zubar da jini, don haka fita daga horon nan bai ba kowa lasisin yin aikin shi kadai ba. Badi muna so mu buga kokon da raminsa ya matse ko ya karkace, don irin wannan ramin ne mai wahalar samu da robar. Manyanmu masu hali a taimaka a ba da suna wajen sakatare don jadawalin koyarwa.