Kan batun kazar burost da shaidar halal a Saudiyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin mu yi tsokaci kan wata magana da ke dawowa duk lokacin Umara da Hajji. Wasu alhazanmu suna ƙaurace wa kazar burost (wani nau'in soyayyiyar kaza) da baga da shawarma na manyan gidajen abinci a Makka da Madina da Jidda, wai kajin daga ƙasashen da ba na Musulmi ba ake kawo su, kuma ba su ga an rubuta halal a ƙofa ba. Tsoron Allah ne ya kawo haka, don haka ba abin yi wa dariya ba ne. Sai dai ana neman shaidar ne a inda ba ta zama.

A Saudiyya gidan abinci ba ya buƙatar liƙa allon halal, domin doka ta riga ta hana shigo da naman alade da giya. Tantancewar tana faruwa ne tun kafin nama ya iso kicin. Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, wadda aka fi sani da SFDA, ita ke riƙe da jerin mayankun waje da aka yarda su turo nama, kowace da lambarta. Cibiyar Halal da ke ƙarƙashinta ita ke amincewa da hukumomin da ke sa ido kan yanka a can ƙasashen. Kowane kaya da ya iso tashar jiragen ruwa ta Jidda ko Dammam sai ya zo da takardu biyu, ta lafiyar dabbobi da ta yankan halal, kuma lambar mayankar da ke takardar dole ta yi daidai da wadda ke jikin kwali. Ƙa'idojin da ake bi na ƙasashen Gulf ne: GSO 993 kan yanka, GSO 2055-1 kan abincin halal gaba ɗaya.

Inda malamai suka fi tsayawa shi ne sumar da kaji da lantarki, kuma suna da gaskiya. A manyan mayankun duniya ana rataye kaza ta ƙafa a sarƙa mai tafiya, kanta ya ratsa ta cikin ruwa mai wutar lantarki domin ta daina fizge-fizge kafin wuƙa ta same ta. Idan wutar ta yi ƙarfi, ko kazar mai rauni ce, zuciyarta kan tsaya kafin a yanka. Ta zama mushe ke nan, kuma a layin da ke yanka dubbai a awa ɗaya babu mai iya tantance ta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta hana sumar da kaji ta wannan hanya saboda wannan dalilin. A 2018 Saudiyya ta tsaurara hanin a kan kajin da ake shigo mata da su, har da na Brazil, wadda ita ce ta fi kowa turo mata kaza. A watan Mayun 2021 kuma ta dakatar da mayanku 11 na Brazil. Ashe izinin ba gado ba ne, ana iya ƙwace shi.

Saura batun wuƙar inji. Majalisar nan ta ce asali shi ne yankan hannu, amma ta halasta inji idan sharuɗɗa sun cika, bisimilla ɗaya ta wadatar ga rukunin da ake yankawa a jere. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Wuƙar inji takan kuskure kazar da ta ɗaga kai, shi ya sa ake tsayar da mahauci a bayan injin ya ƙarasa ta da hannu. Wadda ta kuɓuce masa za ta shiga ruwan zafin fige gashi da ranta, fatarta ta fito ja wur saboda jini bai fita ba, kuma ƙa'ida ita ce a jefar da ita. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inji ba, ya nemi kwalin da aka rubuta yankan hannu, ko ya zaɓi gidan da ke amfani da kajin cikin gida irin na Al-Watania, Alyoum, Fakieh ko Tanmiah.

A ganinmu, babban haɗarin yana farawa ne bayan an buɗe kwali. Babban kamfani mai rassa da yawa yana sayen kazarsa ta kwangila daga wurare sanannu, ana iya bin sawunta. Ƙaramar bufiya (ƙaramin shagon abinci) da ke sayen nama a leda ba kwali, daga motar da ta tsaya a lungu saboda arha, ita ce babu wanda ya san asalin namanta. Abin mamaki, wasu da ke gudun na farkon su ne ke layi a ta biyun. Mai shakka ya nemi a nuna masa kwali, ya duba ƙasar da aka yanka, lambar mayanka, tambarin halal, ranar yanka da ranar ƙarewa. Idan an liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwar rana, ya juya. Daskararriyar kaza tana zama a digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. Idan aka ga ƙanƙara mai launin jini ta taru a gindin leda, ta taɓa narkewa aka sake daskarar da ita. Dafaffiya kuwa sai cikinta ya kai digiri 74, kuma a riƙe ta sama da 60 har a sayar. Shawarmar da ta kwana a sanda aka sake kunna mata wuta da safe ta karya wannan ƙa'ida, ko da waliyyi ne ya yanka kazar.

Alƙur'ani ya haɗa halal da ɗayyib wuri ɗaya. A watan Afrilun 2024 mutane da dama sun kwanta asibiti a Riyad bayan cin abinci a wani gidan baga, mutum ɗaya ya rasu, bincike ya gano gubar a cikin mayonis. Ba yanka ne ya jawo wannan ba.

'Yan uwanmu masu tsire da tuwo a unguwannin Makka su ma maganar ta shafe su. Yankan bayan gida yana iya cika sharuɗɗan shari'a tsaf, amma likitan dabbobi bai duba hanta da huhu ba. Naman mayankar baladiyya, wato hukumar birni, yana ɗauke da hatimi a jiki, shi ya kamata su saya. Game da bisimillar da mutum bai ji da kunnensa ba, hadisin Nana A'isha a Bukhari ya warware ta: an tambayi Manzon Allah (SAW) kan naman da ake kawowa ba a san ko an ambaci sunan Allah ba, ya ce su ambata su ci.

Gargaɗi ɗaya ga masu wucewa Turai ko Amurka daga nan: sunan kamfani ba ya ɗauko halal ya tsallaka iyaka da shi, domin kowace ƙasa da inda rassanta ke sayen nama. A can ne ake tambayar wace hukuma ta ba da shaida, ko ba ta ƙare ba, ko ta shafi wannan reshen ne ko mai kawo kaza kawai, da ko mai ɗaya ake soya komai a ciki. A can ne kuma jelatin na kayan zaƙi da sinadarin E471 da ake sa wa abinci ke buƙatar bincike, tun da ana iya samo su daga alade.

Muna roƙon ku buga wa alhazai lambobin ƙorafi kafin jirage su fara tashi: 940 ta baladiyya kan tsabtar gidan abinci, 19999 ta SFDA kan kayan da ke cikin kwali ko gwangwani. Mai kira ya riƙe rasiɗinsa, ya ɗauki hoton kwalin da sunan shagon.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan sayen kaya da ajiya a gidajen abinci,
Jidda, Saudiyya