Abin Da Ke Cikin Ƙurar Hunturu

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan hazon da ke lulluɓe Daura duk hunturu, wanda mafi yawanmu ba mu san shi da komai ba sai mura da tsagewar leɓe.

Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wurin da a zamanin da yake ƙasan wani katafaren tafki. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar ɓawon ƙananan halittun ruwa masu sinadarin silika, da ragowar ƙasusuwan kifi masu fosfaras (sinadarin taki da tsirrai ke buƙata don girma), iska kuma ta haɗa su da yumɓu da kalsiyam da tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ke sa ƙura ta yi ja-ja.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne nisan tafiyarta, domin tana ƙetare Tekun Atlantika har dajin Amazon da ke Kudancin Amurka. Wani binciken hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, na 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 22,000 na fosfaras ke sauka a can duk shekara, kusan daidai da abin da ruwan sama ke wankewa.

Gonakinmu ma suna samun rabonsu na wannan taki, ko da yake mafi laushin ƙurar kan shige cikin huhu. Ina ganin ya kamata jami'o'in jiharmu su riƙa tara ta suna auna sinadaranta.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Daura