A riƙa tuna finafinan da ba su da murya mana

Edita, salamu alaikum. Don Allah ku ɗan riƙa taɓo tsofaffin finafinan Amurka marasa murya, irin Greed na Erich von Stroheim na 1924. Matar wani mai cire haƙori ce ta ci cacar dala 5,000 ta ƙanƙame kuɗin ko sisi mijin bai gani ba, shi kuma ɗan'uwanta da ya so aurenta baƙin ciki ya ci shi, ya tona cewa mijin ba shi da lasisi aka hana shi aiki, ƙarshe mijin ya kashe ta, mazan biyu suka ƙare a hamadar Death Valley ba ruwa. Haushina kamfanin finafinai na MGM, fim ɗin mai faifai 42 suka datse ya koma 10, sauran ya salwanta.

Mai karatunku daga Zariya.